Jakar takarduna ta zama kayan nauyi a Talin

'Yan uwa, watan jiya tari ya kai ni wajen likita a nan Talin, babban birnin Istoniya. Na ɗauki jakar takardu kamar yadda muka saba: kwafin fasfo, hotuna huɗu, tsofaffin sakamakon gwaji. Likita ta duba ni, ta ɗan taɓa kwamfuta, ta ce in shiga duk kantin maganin da na ga dama. Na tsaya ina jiran takarda. Ta ce ai babu takarda. A kantin na miƙa katin zamana, matar ta kalli allo, ta miƙo mini magani. Na fito cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi da jakar da ko buɗewa ban yi ba, haushi ya tokare mini wuya.

Tun 2001 suke da tsarin da suke kira X-Road. Kowace ma'aikata tana riƙe da nata bayanan, amma ƙa'idar da kwamfutocinsu ke magana da ita ɗaya ce, kuma a buɗe take, har Finlan ta ɗauka. Abin da ka faɗa wa wata ma'aikata, ba a yarda wata ta sake tambayarka ba. Kana iya shiga ka ga wanda ya leƙa bayananka.

Mu fa a gida? Sau nawa aka ɗauki zanen yatsunmu? Banki, layin waya, katin zaɓe, lasisin tuƙi, fasfo. Yatsun nan goma dai! Kowane ofis ya ba ɗan kwangilarsa, ya gina masa rufaffen tsari, ya sa makullin a aljihu. Kwangila ta ƙare, bayanan jama'a sun maƙale. Mu kuma mu bi layi tun asuba, a ce mana babu sabis, mu ce Allah ya kyauta. Masu ilimin muna da su, da wasunsu nake aiki a nan. Dokar da za ta ce duk manhajar da aka saya da kuɗin jama'a dole ta iya magana da 'yar'uwarta, ita nake so a kafa.

Kamfani ba ya buɗe ƙofa don kansa. Sai da Tarayyar Turai ta wajabta cajar USB-C kafin kamfanin Apple ya sauya cajar wayoyinsa na iPhone a 2023.

Ina kewar gida ƙwarai, a nan maƙwabci ko gaisuwa sai ka roƙa. Amma jiya Hajiyarmu ta kira ni: ta sauya asibiti, sun ce gwaje-gwajenta duka sai an sake daga farko.