KYB a ƙafar Camry Muscle: ta kama titi, tsayinta na nan

Samarin da ke son mota suna da shawara ɗaya idan ka ce motarka na lilo a kwana: a sa mata gajeren sifirin ta zauna ƙasa. A titin tsere wannan magana ce. Amma mai bin unguwannin Kano da damina, yana hawa tudun rage gudu da kowane layi ya gina nasa yadda ya ga dama, ya san santimita uku da za a rage masa su ne tsakanin wucewa lafiya da fasa tankin baƙin mai. Shi ya sa da na tashi aikin ƙafar motata, Camry ƙirar 2009 da muke kira Muscle, sharaɗina ɗaya ne: kada a taɓa tsayinta.

Abin da aka sa: shakazoba huɗu sababbi na KYB, samfurin Excel-G mai gas, da robobin samansu, da sababbin bushin (robobin da ke riƙe ƙarfe) na sitabilaiza, wato sandar da ke rage karkatar mota a kwana, gaba da baya, da linkej ɗin da ke haɗa sandar da ƙafa. Sifirin na asali aka mayar, domin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Aikin shakazoba shi ne hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami, ta yadda taya za ta zauna a kan kwalta. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe komai, ko burki ko sitiyari. KYB kamfanin Japan ne, kuma Excel-G an yi shi ne ya maye gurbin wanda mota ta zo da shi, ba kayan tsere ba ne. Wanda aljihunsa ya fi nawa nauyi yana iya neman Bilstein na Jamus idan akwai na motarsa, amma ya lura: B6 ne na tsayin asali, B8 na motar da aka sauke ne.

Bambancin na fara jin sa a burki, ba a kwana ba. A da idan na taka da ƙarfi gaban motar kan duƙa kamar raƙumi zai durƙusa, bayanta ya yi sama. Yanzu tana tsayawa a miƙe. A hanyar Kano zuwa Zariya, inda tirela ke wuce ka iskarta ta ture ka, sitiyari ya daina neman gyara kowane lokaci. Sai shataletale, inda a da fasinjan baya ke kama hannun ƙofa, yanzu motar na karkata kaɗan ta tsaya a nan. A gargada kuwa bayan motar ya daina zamewa gefe, wanda shi ne abin da ya fi tayar min da hankali tun farko.

Wani abu da bakanikena ya yi ya burge ni. Bai ƙarasa ɗaure kusoshin da ke ratsa bushin ba sai da ya sauke motar daga jak, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan ya shiga rami ya ɗaure su tamau. Na ce, "Injiniya, wannan kuma fa?" Ya ce, "Alhaji, in ka ɗaure roba mota na rataye, da ta sauka robar a murɗe za ta zauna, ba za ta kai maka ko'ina ba." Yaransa ma tsayawa suka yi suna kallo.

Sai dai ba a samun riƙo kyauta. Motar ta ƙara tauri. Ƙananan tsagar titi da a da ba na jin su, yanzu suna isowa kujera, kuma uwargida ta faɗa tun ranar farko. Wanda ya sayi Camry don laushinta kaɗai zai ɗan yi tsaki kafin ya saba. An kuma ba ni shawarar bushin mai tauri irin na foliyuritan, wani nau'in roba, na ƙi, saboda yana bukatar giris a kai a kai, kuma ƙurar hunturu ba za ta bar shi ya yi shiru ba.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne, ya ninka na Beljiyam nesa ba kusa ba. Amma shakazoban Beljiyam ba wanda ya san tafiyar da ya yi kafin ya zo hannunka, kuma gwajin da ake yi a shago, a danna shi da hannu a ga ya dawo, yana nuna akwai sauran gas ne kawai. Sabon ma a yi hattara, akwai jabu a kasuwa cikin kwali mai kyau. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da ta kwalin da kuma ta motar, a saya wurin wanda zai karɓa in an mayar.

Bayan haɗawa dole a je alaimen, wato saita tayoyi, wannan ba zaɓi ba ne. Taya kuma ita ce rabin aikin. Girman tawa 215/60R16 ne, na tabbatar duka huɗun iri ɗaya ne, na duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, waɗanda biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Iska kuma na daina barin mai faci ya cika son ransa, abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba nake bi.

Masu cusa roba a kan sifirin su ɗaga mota sama saboda ramuka, su ma ban bi su ba, don mota na ƙara tsayi tana ƙara lilo. Idan sifirinka ya gaji har bayan motar ya zauna, sabo mai tsayin asali za ka nema, a canza biyu tare, hagu da dama.