Kyamarar duba bayan ido: wacce ta dace da ƙaramin asibiti a Kebbi?

Ciwon suga yana cin ƙananan jijiyoyin jinin da ke bayan ido, kuma ba ya yin sallama. Mutum na ƙirga kuɗinsa a kasuwar Jega ba tare da matsala ba, alhali jini ya fara tsattsafowa daga ciki. Shi ya sa ake son mai suga ya duba ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. To amma daga Zuru ko Yawuri zuwa wurin likitan ido a Birnin Kebbi ko Sakkwato, yini ya tafi, ga kuɗin mota. Dabarar ita ce a ɗauki hoton bayan idon a inda mutum yake, a tura ta intanet, likita ya duba daga can.

Kyamarar kan tebur, irin ta Topcon ko Canon ko Zeiss, ba ta da na biyu wajen kyan hoto. Mara lafiya ya ɗora haɓa, ya jingina goshi, haske ya walƙa, an gama. Sai dai akwai tsada, ba ta zuwa ƙauye, kuma in ba ka da sola da na'urar daidaita wuta, kada ma ka soma.

Ni ta hannu zan zaɓa, kamar Optomed ta ƙasar Finlan ko Remidio ta Indiya da ake maƙala wa waya. Da batir take aiki, tana shiga jaka, ma'aikacin jinya zai iya goya ta a babur ranar kasuwa. Aibinta, sai hannu ya faɗa: a farko hotuna kan fito da duhu a gefe, ko su yi hazo saboda rawar hannu. Akwai kuma mafi araha, waya da gilashin likita a riƙe gaban ido, amma wannan sai gwani.

Kafin ka biya, ka sa dillali ya gwada ta a kan tsoho mai yanar ido, ba a kan yaron shagonsa ba. Yanar ido takan tare hoto, ƙwayar idon tsofaffi kuma ba ta buɗewa sosai, sai an ɗiga magani. Wanda aka ɗiga wa zai yi awanni yana gani dishi-dishi, saboda haka a gaya masa tun jiya ya zo da ɗan rakiya, kada ya tuƙa babur.

Babbar magana ita ce wa zai karanta hoton. Tun 2018 Amurka ta amince da manhajar IDx-DR mai tantance hoto da kanta, ta Remidio ma tana aiki ko babu sabis. Amma iyakarta ta ce "a tura shi" ko "ya dawo baɗi". Ka tambaya ko kuɗin manhajar na shekara ne ko na kowane hoto, da kuma inda ake gyara idan ƙurar hunturu ta shiga gilashi. Sannan ka ƙulla magana da likitan ido tun kafin kyamara ta iso: kwana nawa zai ɗauka ya ba da amsa, kuma wanda ke buƙatar leza ko allurar ido, Sakkwato za a kai shi ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.