Wata uku ina shan ruwan rumman saboda hawan jini

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi kafin rasuwarsa. Don haka ranar da likita ta ce jinina ya hau, ban yi barcin kirki ba. Aka ɗora ni a kan magani kullum da safe. Ƙanwata ce ta zo gidana a Unguwar Rimi da zancen rumman: "Yaya, ka gwada mana, ai ko a Alƙur'ani an ambace shi." Gaskiyarta, har sau uku ma, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman.

Da na kwali na fara, kuma nan na yi asarar kuɗina. Sai da na sha rabi na duba jikin kwalin, ashe ruwan tuffa da inabi ne suka fi yawa, rumman ɗin suna kawai ya ba da. Daga nan na koma wajen masu kayan marmari a Kasuwar Sheikh Gumi ina sayen ɗanye. Tsada kam ba a magana, kuɗin ƙwaya biyu sai ya saya maka kankana babba har da canji.

Aikinsa sai mai haƙuri. A ɓare, a zazzage 'ya'yan a kwanon ruwa don farar fatar ta taso sama, a ɗan markaɗa a blanda, a tace da rariya. In ka matsa wa blandar, ƙwallon ya farfashe, ɗaci ya shiga. Ɗanɗanon akwai zaƙi, akwai tsami, da wani bauri mai kama harshe wanda ni yanzu shi nake so. Kada dai ka yi aikin da farin kaftani a jikinka, na gaya maka.

To, ya yi aiki? Lambar sama a na'urar awon jinina ta ɗan sauka. Amma a watannin nan na rage gishiri da magi, ina kuma zagaya Dandalin Murtala bayan asuba, ga maganin likita. Wa zan ba tukuicin? Wani nazari na 2017 da ya haɗa gwaje-gwaje 8 kan shan ruwan rumman ya samu saukar kusan maki 5 a lambar sama. Kafin nan, a 2004, wani mai bincike, Michael Aviram, a birnin Haifa na Isra'ila ya ga kaurin bangon jijiyar wuya, wadda toshewarta ke jawo shanyewar jiki, ya ragu ga masu sha, sai dai mutanensa ba su kai 20 ba. A Amurka ma hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta kai ƙarar kamfanin POM Wonderful mai sayar da ruwan rumman a 2010 kan tallan cewa ruwan yana maganin ciwon zuciya.

Da na gaya wa likitana, cewa ta yi: "Malam, sha abinka, amma ƙwayarka ba ta hutu." Ta ƙara da cewa kofi ɗaya na ɗauke da suga kusan giram 30, ga fotasiyam mai yawa, don haka mai ciwon suga ko ƙoda, da mai shan warfarin na tsinka jini, su tambaya tukuna.

Yanzu rabin kofi nake sha, sau biyu a mako, in aljihu ya yarda. Sauran ranakun uwargida ta dafa mini zoɓo da citta ba suga.