Data mara iyaka ko mai iyaka: amsa ga tambayar Hajiya ta Sabuwar Unguwa

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayarki tun da hantsi, aiki ne ya sha mini kai a shago sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba: Hajiya ta sa wa rautar gidanta, na'urar nan mai raba intanet ga wayoyi, data mara iyaka ta wata guda, wadda muke ce wa anlimited, amma tun rana ta 12 abin ya koma tafiyar hawainiya, har ta kasa yin bidiyon kai-tsaye da take tallar atamfa da leshi. Maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta koma sayen mai iyaka, shi ne take tambaya wacce ta fi.

A bakin kamfanin waya, mara iyaka na nufin ba za a yanke miki ba har wata ya cika. Ba su taɓa cewa ba za a rage miki gudu ba. Can ƙasan tallar, cikin ƙananan rubutun da sai an sa tabarau, za ki ga haruffa uku, FUP, wato ƙa'idar amfani bisa adalci: in kin ci giga kaza, za a shaƙe gudun ya koma kaza. A nan gizo ke saƙar.

Ni da ruwa nake auna su. Mai iyaka kamar mai garuwa ne ya turo miki kura guda: ki tuttula yadda kika ga dama, in jarkokin sun ƙare sun ƙare, sai ki kira wani. Mara iyaka kuwa famfo ne da aka yi miki alkawarin ba zai ɗauke ba, kuma ba zai ɗauke ɗin ba, sai dai da kin cika randa biyu ya koma ɗiga. Mai neman jiƙa maƙoshi ɗigon ya ishe shi. Mai wankin kayan biki kuwa ta shiga uku.

Mu fara da gudu, tunda shi ne ya dame ki. A mai iyaka, gigar farko da ta ƙarshe gudunsu ɗaya, iya abin da ƙarfen sabis na unguwarku zai iya bayarwa. A mara iyaka watan ya rabu biyu, kafin shaƙewa da bayanta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda mutane ke zato. A ce sabis yana ba ki 20 Mbps, wato ma'aunin gudun intanet. Giga ɗaya za ta sauka cikin abin da bai kai minti 7 ba. A ce an shaƙe ki zuwa 512 kbps, wato rabin Mbps ɗaya: wannan gigar dai sai ta ɗauki awa 4 da minti 20. In 128 kbps aka mayar da ke, awa 17 ne da ɗoriya. YouTube da kansu sun ce bidiyo mai 480p (lambar da ke nuna kyawun hoto) yana son kusan 1.1 Mbps, mai 720p kuma 2.5. Kin ga rabin Mbps ko kallo mai kyau ba zai ɗauka ba, balle ki ɗora bidiyon kai-tsaye wanda kwastoma ke son ta ga zaren leshi da idonta. Kuma wannan rabin ba naki ne ke kaɗai ba. In waya shida ke kan rautar, kowacce abin da zai same ta bai wuce 85 kbps ba.

Ga wani lissafi da ke ba ni dariya. Ko da za ki bar 512 kbps tana aiki dare da rana babu tsayawa, abin da za ta iya jawowa a awa 24 kusan giga 5 da rabi ne kawai. Ashe mara iyakar ma tana da iyaka, kawai dai ba a rubuta ta da manyan haruffa ba ne.

Na ɗanɗana kuɗata da wannan. Shagona na kwamfuta yana wajen Ƙofar Ƙwaya a Katsina, kuma akwai lokacin da na dogara kacokan kan mara iyaka ta wani kamfani. Wata Alhamis da yamma wani ɗalibin Hassan Usman Katsina Polytechnic ya shigo da takardunsa a leda, yana son a ɗora masa su a wani fotal da za a rufe ƙarfe 12 na dare. Babu wuta, janareta na shan mai. Muka yi sikanin, muka danna, zoben nan na allo ya kama juyawa. Ya kai kashi 40 ya tsaya, fotal ya kore mu, muka sake shiga. Sau huɗu. Yaron ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana duba agogo yana duba fuskata, ni kuma ina ta ɗaga rauta ina kai ta bakin taga kamar mai shanya daddawa. Da aka kira magariba na tuna akwai ragowar giga 2 mai iyaka a wayata. Na haɗa kwamfutar da ita, kafin ya gama alwala takardun sun shige. Layin kamfani ɗaya ne, ƙarfen sabis ɗaya, tebur ɗaya. Sai da na bincika na tarar saƙon cewa na ƙure kasona ya shigo tun kwana uku baya, yana can kwance cikin rautar da ba wanda ke buɗe saƙonninta.

Sai batun kuɗi. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mutane da yawa suka ruga wajen mara iyaka da tunanin sun huta da lissafi. Lissafin bai tafi ko'ina ba. Hanyar da nake bi ita ce in manta da kalmar mara iyaka, in raba kuɗin da gigar da za a ba ni kafin shaƙewa. Misali nake yi, ba farashin kowa ba ne: in dukansu naira 30,000 ne, mara iyakar tana shaƙewa a giga 100, mai iyakar kuma giga 150 ce, to ta farko naira 300 kike sayen giga mai gudu, ta biyu naira 200. Bambancin shi ne kuɗin ɗigon da zai raka ki ƙarshen wata. Wani lokacin lissafin yana juyawa mara iyakar ta fi sauƙi, shi ya sa sai an zauna an buga.

Kada kuma a ce na zalunci mara iyaka, tana da ranarta. Ba ta mutuwa a tsakiyar dare. Saƙon WhatsApp zai tafi, muryar da aka naɗa za ta tafi, manhajar banki za ta buɗe ko da jan ƙafa, alat zai shigo. Magidancin da ke son ya san abin da zai kashe a wata ba tare da yara sun zo ranar 20 suna "Baba data ta ƙare" ba, ita ce tasa. Da babu gara ba daɗi. Mai iyaka kuwa ba ta da kunya: tana iya ƙarewa kina tsakiyar ciniki, kuma in babu mai tsaron gida, yara za su iya cinye ta wata guda cikin mako. Abin da ke ɗan rage zafinta shi ne yawanci in kin sabunta kafin wa'adi ya cika, ragowar tana bin ki zuwa sabon wata.

Su ma mara iyakar ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kason wata, irin wadda nake zargin ita ce taki: kina ƙure shi kin shiga ɗigo har ƙarshe. Akwai mai kason kullum, wadda in an shaƙe ki yau gobe za a sake ki. Akwai kuma wadda tun farko aka ƙayyade mata gudu, aka ce ba za ta wuce kaza ba. Ga gida mai yara, ta kullum ta fi mutunci, domin ɓarnar yau ba ta shafar gobe.

Me ya sa suke shaƙewar? A nan ina ɗan ba su gaskiya. Ƙarfen sabis ɗaya duk unguwa ke sha, kuma abin da zai iya ɗauka yana da iyaka. In mutum goma suka kwana suna sauke finafinai, sauran za su ji a jikinsu. Inda ba na ba su gaskiya shi ne sunan da suka raɗa wa abin. Ba a nan kaɗai ake wannan rigimar ba. A Amurka FTC, hukumar da ke kare haƙƙin masu saye, ta maka kamfanin waya na AT&T a kotu a 2014 kan shaƙe gudun masu mara iyaka ba tare da cikakken bayani ba, kuma a 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 60. A 2018 ma, ana tsakiyar kashe wata gagarumar gobarar daji a jihar Kalifoniya, kamfanin waya na Verizon ya shaƙe layin 'yan kwana-kwana na yankin Santa Clara bayan sun ci giga 25, daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. In an yi wa masu kashe gobara, ina ga mai tallar atamfa.

Amma kafin ki yanke hukunci, Hajiya, ki tabbatar shaƙewa ce ba cunkoso ba, don kamarsu ɗaya a ido. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya buɗe fast.com ko Speedtest, masu auna gudun intanet, sau biyu: bayan sallar asuba, da kuma tsakanin isha'i da ƙarfe 10 na dare, lokacin da kowa ke kan waya. In da asuba yana gudu da dare yana rarrafe, cunkoso ne, kuma sauya tsari a layi ɗaya ba zai yi magani ba, sai dai a gwada layin wani kamfani a cikin ɗakin da kike bidiyon. In kuwa asuba da dare lamba ɗaya ce ba ta motsi, kamar an sa mata linzami, to an shaƙe ki. A Katsina sabis na iya bambanta tsakanin Ƙofar Ƙaura da Batagarawa, kai har tsakanin falo da uwar ɗaka, don haka abin da ya yi wa maƙwabciyarki daɗi ba lallai ya yi miki ba.

Ki kuma binciki inda datar ke tafiya. In kason giga 100 ne ya ƙare a kwana 12, gidanki na cin sama da giga 8 a kullum ke nan. Bidiyo mai 720p yana cin kusan giga ɗaya a awa. Waya biyu, awa huɗu-huɗu na zane mai motsi da TikTok, shi ke nan an gama. Ban ma sa lissafin samarin layi da ke zama jikin katangarki bayan magariba ba. Duk kalmar sirrin da yaro ɗan shekara goma ya sani, unguwa ta sani.

Da ni ne ke, ba zan zaɓi ɗaya in yar da ɗaya ba, raba su zan yi. Wayar kasuwanci a sa mata mai iyaka tata ita kaɗai, kada kowa ya hau, a riƙa duba ragowar da *323# kafin a fara bidiyo. Rautar gida a bar ta da mara iyaka, a sauya kalmar sirri, a mayar da kallon yara 360p, a kashe saukar bidiyo da kansa a zaurukan WhatsApp. In kuma aljihu ba zai ɗauki biyun ba, mai iyaka zan ɗauka, domin da ita ake neman kuɗin, yara su yi haƙuri da kallon.

In kika duba kika ga ba a rubuta kason da gudun bayan shaƙewa a ko'ina cikin sharuɗɗan da aka sayar miki ba, ki kira 300 ki shigar da ƙorafi, ki karɓi lambar ƙorafin ki ajiye. In ba su yi komai ba, 622 layin NCC ne kuma kyauta ne. Ki ɗauko hoton sharuɗɗan tsarin naki da na wanda maƙwabciyar ke saye, tare da sakamakon gwajin asuba da na dare, ki turo nan gobe in Allah ya kai mu, in buga miki lissafin.