Ajin horar da karnuka: ya cancanci kuɗinsa, amma sai ka je da kanka

Masu ta tambayata wai ajin nan da nake kai karena yana da amfani kuwa, to gaskiya yana da shi, amma fa ba wurin da za ka ajiye kare ka tafi harkarka ka dawo ka tarar an gyara maka shi ba ne. Igiyar tana hannunka tun daga farko har a tashi, ita malamar ma ba kasafai take taɓa karen kowa ba, mu masu karnukan take sa wa ido.

Tun wajen rajista sai da suka duba katin rigakafi, karen da ba a yi wa allurar haukan kare da ta parvo (cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa tsakanin karnuka) ba ba zai shiga ba, wannan kam ya kwantar min da hankali don parvo ba ta wasa da 'yan kwikwiyo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take naci a kan lokacin ba da lada. Misali "zauna", za ka riƙe ɗan guntun nama daidai hancinsa ka ɗaga a hankali ta saman kansa, yana bin hannunka da ido gindinsa zai sauka ƙasa da kansa, to a wannan daƙiƙar za ka ce yawwa ka ba shi, in ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe shi kenan miƙewar ka saka wa ba zaman ba. Haka ma jan igiya, ya ja ka tsaya cak, igiya ta sassauta ku ci gaba, wallahi da farko abin da gajiyarwa don taku biyar sai ka tsaya sau uku, amma yanzu nawa yana tafiya a gefena yana ɗago kai yana dubana. Kuma ta ce kowa a gida ya riƙa faɗin kalma ɗaya, kar wannan ya ce "zo" wancan ya ce "taho" a rikita dabba, sannan a gida minti 5 zuwa 10 ya isa a zama ɗaya.

Babu duka, babu sarƙar nan mai shaƙe wuya, babu maganar wai sai ka danne kare ya san kai ne shugaba. Ai wannan tunanin daga nazarin kyarketan da aka kulle ya samo asali, kuma masanin kyarketai David Mech da littafinsa na 1970 ya yaɗa shi, shi da kansa ya dawo ya ce ba haka suke rayuwa a daji ba.

Ta kuma koya mana karanta jikin kare, kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, hamma da yawan lasar baki da kawar da kai sau da yawa takura ce, duk mai yara a gida don Allah ya san wannan.

Inda suka gaza, mun yi yawa a aji, haushi ya cika wuri wani lokacin ko muryar malamar ba ka ji, kuma kiran kare ya dawo wanda shi ne zai iya ceton ransa a bakin titi sai can ƙarshe aka taɓa shi a gurguje, wannan bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Mai kwikwiyo ya yi magana da likitan dabbobi da wuri, don tsakanin sati 3 zuwa kusan 14 ne suka fi saurin sabawa da mutane da sauran karnuka. Wanda kuma karensa ke cizo kar ya kai shi ajin taro, ya nemi darasin shi kaɗai da malama tukuna.