Jiragen ƙasan ONCF na Maroko: ko sun isa a ɗora musu tafiyar birane da yawa?

Duk wanda ya yi niyyar zagaya biranen Maroko domin buɗe ido da ɗanɗana abincinsu, tambayar da za ta fara tare shi ita ce yadda zai riƙa tashi daga wannan birni zuwa wancan ba tare da hanya ta cinye masa kwanaki da kuɗi ba. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye sukan ba da mota da direba, abin da ke da daɗi ga mai hali, amma ga mai ƙididdigar guzurinsa babu abin da ya kai jirgin ƙasa. Hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar, wadda aka sani da ONCF, ita ce na dogara da ita tsakanin Kasabalanka, Rabat, Tanja, Fas da Marakesh, kuma ra'ayina shi ne aikinta ya cancanci yabo, da sharaɗin matafiyi ya bar layin dogo ya tsara masa jerin biranen. Wanda ya zauna a gida ya jera su yadda ransa yake so, sannan ya je neman jirgin da zai bi masa wannan jeri, shi ne zai dawo yana ƙorafi.

Dalili kuwa shi ne jiragen iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Akwai Al Boraq, jirgi mai tsananin gudu na farko a nahiyar Afirka, wanda Sarki Muhammadu na Shida ya ƙaddamar a watan Nuwamban 2018 tare da shugaban Faransa Emmanuel Macron. Kamfanin Alstom ne ya ƙera shi, taragunsa hawa biyu ne, kuma tsakanin Tanja da Kenitra yana kai gudun kilomita 320 a sa'a guda. Tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka, wadda a da take cin sa'o'i huɗu da minti 45, ta koma sa'o'i biyu da minti goma. Sai dai tashoshi huɗu kacal yake tsayawa, wato Tanja, Kenitra, Rabat Agdal da Casa Voyageurs ta Kasabalanka, dukkansu a gefen teku. Fas da Marakesh, waɗanda su ne ainihin abin da ke kai yawancin mutane ƙasar, ba sa kan wannan layi. Su sai da jiragen Al Atlas, na gargajiya, masu tafiya a hankali da tsayawa gari-gari. Hotunan talla kusan duk na Al Boraq ne, alhali mai zagayen birane a cikin Al Atlas zai shafe mafi yawan sa'o'insa.

A kan Al Boraq ba ni da wata doguwar magana, domin abin da aka ce zai yi shi yake yi. Kowane tikiti yana ɗauke da lambar tarago da lambar kujera, akwai sanyin na'ura, akwai wurin cajin waya, kuma ko a aji na biyu mutum yana miƙe ƙafarsa. Ban ga hujjar biyan kuɗin aji na ɗaya a tafiyar da ba ta wuce sa'o'i biyu da 'yan mintoci ba. Kuɗin tikitin yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da cunkoso. Lokacin da aka buɗe layin, aji na biyu daga Tanja zuwa Kasabalanka yana tsakanin dirhami 149 da 224 ne, kuma har yanzu wanda ya saya da wuri shi ke samun rangwame.

Al Atlas ne ke buƙatar a zauna a yi masa lissafi. Daga Kasabalanka zuwa Marakesh kimanin sa'o'i uku ne, zuwa Fas kuma uku da rabi zuwa huɗu. Amma daga Fas zuwa Marakesh babu hanyar da ta ratsa kai tsaye, saboda duwatsun Atlas sun gitta tsakani, don haka jirgin sai ya gangaro yamma ta Maknas da Kenitra, ya bi ta Rabat da Kasabalanka, sannan ya juya kudu, tafiyar da ke kusantar sa'o'i bakwai. Mutane da yawa sukan dubi taswira su ɗauka biranen biyu maƙwabta ne, su ware musu rabin yini, sai su wayi gari yini guda cur ya tafi a kujera. A irin wannan doguwar tafiya kam aji na ɗaya ya ci kuɗinsa, domin a yawancin taragun ɗakin zama na mutum shida ne, a aji na biyu kuwa takwas, kuma bambancin kuɗin bai kai bambancin hutun ba. Jiragen Al Atlas kuma sun fi Al Boraq yiwuwar makara, saboda haka kada a ɗaure su da jirgin sama a rana ɗaya ba tare da an bar rata mai yawa ba.

Tsarin da na ga ya fi dacewa da layin shi ne a sauka a filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar, inda tashar jirgin ƙasa take a cikin ginin filin kanta, a shiga Kasabalanka, a wuce Rabat, a hau Al Boraq zuwa Tanja, a dawo Kenitra a canja zuwa Fas, sannan a yi doguwar tafiyar Marakesh a ƙarshe. Mai son kauce wa sa'o'i bakwai a zama ɗaya yana iya ajiye Rabat sai a hanyar dawowa daga Fas, ya kwana a can, ya raba tafiyar gida biyu. Kasabalanka ba ta buƙatar fiye da yini guda: Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, wani sashensa a kan teku, shi ne abin gani, sauran kuwa birnin kasuwanci ne mai cunkoson motoci. Rabat ta fi ta natsuwa, ga Hasumiyar Hassan da aka bari ba a ƙarasa ba bayan rasuwar Sarki Yakubu al-Mansur a 1199, ga makwancin Sarki Muhammadu na Biyar a gabanta. Abin lura a biranen nan biyu shi ne kowannensu yana da tasha fiye da ɗaya. Casa Port dabam, Casa Voyageurs dabam. Rabat Ville ce a tsakiyar gari, amma Al Boraq a Rabat Agdal yake tsayawa. A karanta sunan tashar da ke kan tikiti kafin a tare tasi.

Ta fuskar abinci, kada kowa ya sa rai da abin da ake sayarwa cikin jirgi. Al Boraq yana da tarago na shayi da gahawa da burodi, a Al Atlas kuma mai tura amalanke ne yake zagayawa da lemon kwalba da biskit. Abin toshe yunwa ne kawai, kuma a ƙasar da kowane birni yake alfahari da tukunyarsa, asara ce a cika ciki da shi. Amfanin jirgin ga mai neman abinci yana cikin yawan tashinsa, wanda ke ba mutum damar zaɓen lokacin da zai isa gari daidai da abin da yake son ci a can. Kuskus, alal misali, abincin ranar Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, kuma ƙananan gidajen abinci da dama a ranar kaɗai suke dafa shi da kyau, tuli guda da kabewa da karas da kabeji da nama a tsakiya. Wanda ya sa doguwar tafiyarsa ranar Juma'a ya yi asarar wannan. A Tanja kuwa da safe ake neman bisara, miyar waken ful mai kauri da ake kwarara wa man zaitun a sha da burodi mai zafi, da yamma kuma a hau tudun Café Hafa, wanda yake nan tun 1921, a sha shayin na'ana'a ana hango gaɓar Sifaniya idan sararin sama ya washe. A wannan birni aka haifi Ibn Battuta a 1304, matafiyin da ya kai har Takedda a ƙasar Nijar ta yau.

Fas ita ce ta cancanci kwanaki mafi yawa, kuma a nan ne jirgin ƙasa yake ajiye mutum nesa da inda zuciyarsa take. Tashar tana sabon gari, tsohon birni kuwa mota ba ta shiga lungunansa, sai jaki da alfadari da masu tura kura. Jar ƙaramar tasi za ta kai mutum ƙofa, galibi Bab Bujulud mai shuɗin ado, daga nan sai ƙafa. Saboda haka babban akwati mai taya, wanda bai dame ka a jirgi ba, a Fas yake zama kaya, domin hanyoyin gangare ne da matakala da dutse. Ga 'yan Tijjaniyya na ƙasar Hausa ba sai an yi dogon bayani ba, domin a nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, kuma da wuya mutum ya zauna a cikinta bai ji Hausa ko harshen Wolof na mutanen Senegal a bakin maziyarta ba. Kusa da ita akwai Masallacin Ƙairawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta assasa a shekarar 859. Ƙasar ta Malikiyya ce, karatunsu kuma Warshu ne, don haka wanda ya taso a makarantar allo zai ji hizbin da ake karantawa tare bayan magariba ya zauna masa a kunne. Majemar Shuwara ma abin gani ce, musamman ga wanda ya san majemar Kano. Daga saman shagunan 'yan fata ake leƙa ramukan, wasu farare da ruwan farar ƙasa da kashin tattabara, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, ma'aikata tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata, mai shago kuma yana miƙo maka reshen na'ana'a ka kara a hanci saboda wari. Sananne ne a tarihi cewa wani kaso na jar fatar da Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko daga ƙasar Hausa ayari ya ɗauko ta ya ƙetara Sahara.

Abincin da Fas ta yi suna da shi shi ne bastila, wadda ake naɗe naman tattabara ko na kaza da ƙwai da almon a cikin ɓawon fulawa mai sirantaka, a gasa, a barbaɗa sukari da kirfa a kai. Harshen da ya saba da yaji da daddawa zai yi mamakin haɗa nama da zaƙi, kuma ba kowa ne zai so ta ba. Ni dai ina ganin a ɗanɗana ta sau ɗaya a gidan da ya iya ta ya fi a ci ta kullum a shagunan bakin ƙofa. Gaba ɗaya ma abincin Maroko ƙamshi gare shi, ba zafin barkono ba, don haka ƙullin yajin gida a aljihun jaka ba abin kunya ba ne. A lura kuma cewa shaguna da yawa na tsohon birnin a rufe suke ranar Juma'a, wanda ya sa ranar ta dace da ziyara da kuskus amma ba ta dace da sayayya ba. Maknas ba ta kai tafiyar sa'a guda daga Fas ba, ana iya zuwa da safe a dawo da yamma.

A Marakesh layin dogo yake ƙarewa. Mai son wucewa Essaouira ko Agadir sai ya hau motocin Supratours, kamfanin da ke ƙarƙashin ONCF, kamar yadda mai son zuwa Shafshawan, garin nan mai shuɗayen gidaje a arewa, ba shi da zaɓi sai mota. Abincin da za a nema a Marakesh shi ne tanjiya, kuma ba ɗaya take da tajin ba, wato dafaffen nama da kayan lambu da ake samu ko'ina. Nama ake zubawa cikin doguwar tukunyar ƙasa da tafarnuwa da man shanu da lemon tsamin da aka adana cikin gishiri, a rufe bakin da takarda a ɗaure, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne ta cikin toka mai zafi na tsawon sa'o'i, har naman ya saki ƙashi da kansa. A lungun masu gasa rago da ke gefen dandalin Jami'ul Fana ana samunta tare da gasasshen rago da ake sayarwa bisa awo, kuma da rana ake zuwa, domin kafin yamma yakan ƙare. Rumfunan abincin dare na dandalin kuwa kallo ya fi ci yawa a cikinsu, kuma a tambayi farashi kafin a zauna, a mayar da duk abin da aka ajiye a gabanka ba ka nema ba, domin a lissafi zai fito.

Sayen tikiti yana da sauƙi a shafin intanet na hukumar da kuma manhajarta, ana nuna shi a waya, sai dai katin banki na naira ba kullum yake aiki a shafukan ƙasashen waje ba, don haka a tanadi katin dala ko a saya a tasha da dirhami kwana ɗaya kafin tafiya. Sanarwa da allunan tashoshi da Larabci da Faransanci suke, abin da ya ba 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru fifiko a kan 'yan Nijeriya da Gana, ko da yake Larabcin Islamiyya ma yana fitar da mutum. A watan azumi jadawalin jirage yakan sauya, kuma gidajen abinci da yawa sai an sha ruwa suke buɗewa da miyar harira da dabino. Lokutan sallah ƙarama da babba kujeru kan ƙare da wuri. A watan Afrilun 2025 aka ƙaddamar da aikin miƙa layin Al Boraq daga Kenitra zuwa Marakesh, tsawon kilomita 430, cikin shirin gasar cin kofin duniya ta 2030, amma kafin a kammala shi, mai zuwa Marakesh da Al Atlas zai yi lissafin kwanakinsa.