Kiliya mai 2K ta gwangwani: ta yi a fenda, a bonet kuwa da sauranta

Motar da ta daɗe tana shan rana, samanta ne ke fara yin fari-fari, sannan ya riƙa ɓarewa. Sau da yawa kalar tana nan, kiliyar da ke kanta, wato fentin nan marar kala da ke sa ta sheƙi, ita ce ta mutu. Tawa fendar hagu da bonet abin ya ci, na ce bari in gwada fentin gwangwani a gida.

Kala ba ta ba ni wahala ba, lambar fentin da ke manne a bakin ƙofar direba na bayar aka haɗa min. Kiliyar ce abin magana. Mai 2K na saya, wato mai haɗi biyu: ita kiliyar da sinadarin da ke sa ta ƙarfi. Gwangwanin mai mili 400 ne, da wani jan maɓalli a murfinsa. Za ka cire shi, ka kafa a gindin gwangwanin ka danna, sinadarin da ke sa ta ƙarfi ya fashe a ciki, ka girgiza minti biyu. Daga nan kimanin awa 48 gare ka, in ta wuce ta lalace ko da ba ka fesa ko ɗigo ba. Don haka kar ka danna sai ka gama guga da samfefa mai lamba 600, ka fesa kala ta sha iska.

A fenda kam, madalla. Feshi uku, minti goma tsakani, hannu kamar santimita 20 daga jikin motar. Ta kwanta sumul, har ina ganin fuskata. Bayan mako na ɗiga fetur a gefe don in gani, ko gezau. Kiliyar gwangwani ta yau da kullum, mai 1K, wadda ba a haɗa ta da wancan sinadarin, fetur na iya sa ta laushi.

Bonet ne ya tona wa mai 2K ɗin asiri. Bakin feshin bai da faɗi, kafin ka kai wancan gefe ka dawo, layin farko ya fara bushewa, ga ƙarfin iskar na raguwa in gwangwani ya kusa ƙarewa. Tsakiya ya yi kaushi. Na bi shi da samfefa 2000 da ruwa, na goge da folish, ya yi dama-dama, amma da la'asar in rana ta karkato layukan na nan.

Kuma ba a wasa da shaƙar wannan kiliyar. Akwai sinadarin isocyanate a ciki, mai cutar da huhu; takunkumin takarda ba ya tare shi, sai mai matata, kuma a sarari, nesa da yara.

In murfin madubi ne ko ƙofar baya, zan sake sayen kiliyar in yi da kaina. Bonet ɗin kuwa mai fenti da kwamfresa zan kai wa.